Shafin Cibiyar Pew Kan 'Yan Hisfanik na Amurka: Inda Ya Gamsar da Inda Ya Gaza

Duk wanda ya bi muhawarar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasar Amurka na watan Nuwamban 2024 ya ji alƙaluma iri-iri game da yawan 'yan Hisfanik, wato mazauna Amurka masu tushe a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, da suka jefa wa Donald Trump ƙuri'a. Binciken da ake yi a bakin rumfunan zaɓe, wanda manyan gidajen talabijin suka dogara da shi a daren zaɓen, ya ce kashi 46 cikin 100 ne, wani binciken kuma da kamfanin dillancin labarai na AP ya yi aiki da shi ya ce kashi 43. Sai a watan Yunin 2025, bayan ƙura ta lafa kuma masu sharhi sun gama faɗin abin da za su faɗa, Cibiyar Bincike ta Pew ta fitar da nata lissafin, inda ta ce Trump ya samu kashi 48, Kamala Harris kuma ta samu 51. Wannan jinkiri na wata bakwai ba sakaci ba ne. Cibiyar ta jira ne har jihohi suka sabunta rajistarsu, sannan ta ɗauki sunayen mutanen da ta yi wa tambayoyi ta gwada da kundin masu zaɓe, domin ta tabbatar wanda ya ce ya yi zaɓe ya yi ɗin da gaske. A ganina wannan hali shi ne ya fi komai bayyana irin hidimar da shafin intanet na Pew yake yi wa mai neman sani game da wannan al'umma, wato ba ya riga kowa magana, amma idan ya yi ta, yakan nuna maka hanyar da ya bi.

Cibiyar tana birnin Washinton, kuma an kafa ta a sigarta ta yanzu a 2004 a ƙarƙashin gidauniyar Pew Charitable Trusts ta Filadelfiya, wadda 'ya'yan Joseph Pew, mutumin da ya kafa kamfanin mai na Sun Oil, suka assasa da dukiyarsu. Sashen da ke nazarin 'yan Hisfanik ya girmi cibiyar kanta, domin an buɗe shi tun 2001 a ƙarƙashin jagorancin ɗan jarida Roberto Suro, kafin a haɗe shi da sauran sassa. A yau aikin yana cikin ɓangaren binciken launin fata da ƙabila, wanda masanin tattalin arziki Mark Hugo Lopez ya daɗe yana jagoranta. Ba a biyan ko sisi kafin a karanta abin da ke shafin, babu tallace-tallace da ke tare wa mutum ido, kuma cibiyar ta ɗaura wa kanta ƙa'idar cewa ba ta ba gwamnati shawarar abin da ya kamata ta yi, ba ta kuma goyon bayan wata jam'iyya. Abin da mai karatu zai tarar ya haɗa da dogayen rahotanni, da gajerun bayanai da ake karancewa cikin minti biyar, da shafukan alƙaluma na kowace ƙasar asali, da kuma ainihin tambayoyin da aka yi wa mutane, kalma da kalma, tare da bayanin yadda aka zaɓo waɗanda aka tambaya.

Babbar fa'idar shafin, wadda ta sa nake ganin ya cancanci a fara da shi kafin kowane, ita ce yadda yake hana mutum yi wa miliyoyin jama'a kuɗin goro. Kalmar Hisfanik ba suna ba ne da mutanen suka gada daga kakanninsu, suna ne na ofis. A 1976 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da doka, bisa ƙoƙarin ɗan majalisa Edward Roybal na Kalifoniya, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya tattara bayanai kan Amurkawa masu tushe a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, kuma ƙidayar 1980 ce ta farko da aka yi wa kowane gida wannan tambaya. A lokacin an ƙirga mutum miliyan 14.6. A ƙidayar 2020 sun kai miliyan 62.1, wato kusan kashi 19 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma fiye da rabin ƙaruwar da Amurka ta samu tsakanin 2010 da 2020 daga gare su ta fito. Sai dai a ƙarƙashin wannan laima guda akwai iyalan Niyu Meziko da Teksas waɗanda kakanninsu suna zaune a wurin tun kafin yarjejeniyar 1848 da ƙasar Meziko ta tabbatar da yankin a hannun Amurka, akwai 'yan Fuwato Riko da suke 'yan ƙasa tun dokar 1917, akwai 'yan Kuba da dokar 1966 ta sauƙaƙa musu samun izinin zama na dindindin, akwai kuma ɗan Benezuwela da ya tsallako iyaka shekara biyu da suka wuce yana jiran kotu ta saurari buƙatarsa ta mafaka. Shafukan Pew na ƙasashen asali suna ware waɗannan ɗaya bayan ɗaya, su nuna cewa masu tushe a Meziko su ne kusan kashi 60 cikin 100, 'yan Fuwato Riko na biye da su da kusan miliyan 6, sannan 'yan Salbado da 'yan Dominika da 'yan Kuba, kowannensu da mutum fiye da miliyan 2.

A nan ne kuma mai karatu zai ci karo da gaskiyar da ke rushe abin da mutane da yawa suke ɗauka, cewa Hisfanik da baƙo duk ɗaya ne. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan al'umma a Amurka aka haife su, wajen huɗu cikin biyar 'yan ƙasa ne, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 suna jin Ingilishi sosai. Shekaru da dama ke nan haihuwa ce, ba shigowar baƙi ba, ta fi ƙara musu yawa. Hatta sunan da suke kiran kansu da shi cibiyar ta bincika, ta gano cewa kusan rabinsu sun fi ambaton ƙasar asalin iyayensu idan aka tambaye su ko su wane ne, kuma sabuwar kalmar nan ta Latinx, wani sunan da ake yi wa wannan al'umma, wadda jami'o'i da wasu kamfanoni suka runguma, kashi 3 cikin 100 ne kawai suka ce suna kiran kansu da ita a rahoton 2020, a 2024 kuma kashi 4. Ƙaramin bincike ne, amma ya nuna nisan da ke tsakanin masu magana da yawun al'umma da ita al'ummar kanta, kuma wannan nisa zai sake ɓullowa idan aka zo kan siyasa.

Inda shafin bai kai yadda ake so ba shi ne batun aiki. Akwai rahotanni masu amfani da ke fitowa jefi-jefi, musamman lokacin wani babban tashin hankali kamar durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ko annobar korona, amma Pew ba ta bibiyar kasuwar ƙwadago wata-wata, kuma yawancin alƙaluman da take kawowa a wannan fanni aro take yi daga Hukumar Ƙidaya da Ofishin Ƙididdigar Ƙwadago na gwamnatin tarayya. Wanda yake son sanin halin da ake ciki a wannan wata, wajibi ne ya je ofishin ƙididdigar kai tsaye, inda ake fitar da rahoton ayyuka galibi a Juma'ar farko ta kowane wata. A can ne zai ga cewa a 'yan shekarun nan kusan kashi 66 zuwa 67 cikin 100 na 'yan Hisfanik da suka kai shekara 16 suna aiki ko suna neman aiki, alhali na ƙasar baki ɗaya bai wuce 62 zuwa 63 ba, kuma a tsakanin maza adadin yana kai wa wajen uku cikin huɗu, wanda babu wata babbar al'umma a ƙasar da mazanta suka zarce haka. Wani ɓangare na dalilin shi ne ƙuruciya, domin idan aka jera 'yan Hisfanik bisa shekaru, na tsakiyarsu bai wuce shekara 30 da 'yan kai ba, yayin da fararen fata da yawa suke shiga shekarun ritaya. Ma'aikatar Ƙwadago ta lissafa cewa ma'aikatan Hisfanik sun tashi daga miliyan 10.7 a 1990 zuwa miliyan 29 a 2020, ta kuma yi hasashen cewa su ne za su zama kashi 78 cikin 100 na ƙarin ma'aikatan da ƙasar za ta samu daga 2020 zuwa 2030.

Yawan fita aiki bai nuna irin aikin ba, kuma a nan ma alƙaluman gwamnati sun fi na Pew zurfi. 'Yan Hisfanik ne fiye da kashi 40 cikin 100 na masu aikin gona da kamun kifi da gandun daji, fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu shara da goge-goge da kula da harabar gine-gine, haka kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na leburori da kafintoci da masu fenti da masu rufin gidaje da sauran ma'aikatan gini. Waɗannan ayyuka ne na gumin goshi waɗanda ba a yin su daga gida ta kwamfuta, shi ya sa da korona ta sa aka rufe otal-otal da gidajen abinci, rashin aikin yi a tsakaninsu ya haura zuwa kusan kashi 19 cikin 100 a watan Afrilun 2020, sama da na kowace babbar al'umma, kafin ya sauko zuwa wajen kashi 4 a 2022. Abin da Pew ta ƙara a kan wannan, kuma ba ƙaramin abu ba ne, shi ne tambayar mutanen kansu yadda abin ya shafe su: ko an rage wa wani a gidan albashi, ko suna da ajiyar da za ta riƙe su wata uku, ko sun kasa biyan kuɗin haya. Ofishin ƙididdiga yana ƙirga masu aiki, Pew kuma tana tambayarsu yadda suke kwana, don haka mai nazari na gaske yana buƙatar buɗe shafukan biyu a lokaci guda.

Batun hawa tsanin arziki ya fi wannan sarƙaƙiya. Hukumar Ƙidaya ta ce a 2023 gidan Hisfanik da ke tsakiyar jeri ya samu kimanin dala 65,500 a shekara, na ƙasa baki ɗaya kimanin dala 80,600, na fararen fata waɗanda ba Hisfanik ba kuma kimanin dala 89,000. Giɓin ya fi faɗi idan aka koma kan dukiyar da aka tara, domin binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna iyalin Hisfanik na tsakiya yana da abin da bai wuce dala 62,000 ba bayan an cire bashi, na fararen fata kuma dala 285,000. Kusan rabin gidajen Hisfanik ne ke zaune a gidan kansu, a tsakanin fararen fata kuwa wajen uku cikin huɗu. Wanda ya tsaya a nan zai ce al'ummar ta maƙale a ƙasa. Amma irin waɗannan alƙaluma hoto ne na rana ɗaya, wanda ya haɗa wanda ya iso jiya ba ya jin Ingilishi da jikan wanda ya iso shekara 60 da suka wuce. Domin a san ko ɗa yana wuce ubansa, sai an bi iyalai iri ɗaya tsawon shekaru, kuma wannan ba aikin da Pew take yi ba ne. Wanda ya yi shi shi ne Raj Chetty, masanin tattalin arziki na Jami'ar Harvard, tare da abokan aikinsa, waɗanda a 2018 suka bi bayanan haraji da na ƙidaya na yara kusan miliyan 20. Sun gano cewa idan aka ɗauki samun kuɗi a matsayin tsani mai matakai 100, yaron Hisfanik da iyayensa suke mataki na 25 yakan kai wajen mataki na 43 idan ya girma, farar fata daga wannan matakin yakan kai 45, baƙar fata kuma 33. Ma'ana, 'ya'yan talakawan Hisfanik suna hawa da saurin da ya kusa na fararen fata, sai dai iyayensu sun fara ne daga ƙasa sosai.

Duk da haka, akwai wani guntun bayani da Pew ta kawo wanda ba a fahimtar wannan batu sai da shi, kuma a ganina yana cikin mafi daraja a duk abin da ke shafin. A wani bincike da ta wallafa a 2017, cibiyar ta nemo manya masu kakanni 'yan Hisfanik ta tambaye su ko suna ɗaukar kansu Hisfanik. A cikin waɗanda aka haifa a waje, kashi 97 cikin 100 suka ce e. A cikin 'ya'yansu, kashi 92. A cikin jikoki, 77. Daga tattaɓa-kunne zuwa ƙasa kuwa, rabi ne kawai. Auratayya ce babban dalili, domin a 2015 kashi 39 cikin 100 na sababbin ma'auratan Hisfanik haifaffun Amurka sun auri wanda ba Hisfanik ba. Masana tattalin arziki Brian Duncan da Stephen Trejo sun nuna cewa a tsakanin masu tushen Meziko, waɗanda suke barin sunan sun fi karkata ga zama masu ilimi mai zurfi. Idan haka ne, to alƙaluman ƙidaya suna rage nasarar al'ummar ba tare da niyya ba, tunda wasu daga cikin waɗanda suka fi yin nisa sun fice daga lissafin, kuma duk wanda zai yi rubutu a kan ko jikokin baƙi suna ci gaba ko sun tsaya cik, bai kamata ya ɗauki alƙalami ba sai ya karanta wannan rahoto. Haka kuma a shafin ne za a ga yadda yawan matasan Hisfanik masu barin makarantar sakandare ba su gama ba ya faɗo daga kashi 34 cikin 100 a 1996 zuwa kashi 10 a 2016, duk da cewa har yanzu wajen ɗaya cikin biyar ne kawai na manyansu ke da digirin farko.

A fannin shige da fice ne sunan Pew ya fi fita, saboda ƙiyasinta na yawan baƙin haure, wanda masanin ƙididdigar jama'a Jeffrey Passel ya shafe shekaru yana jagoranta. Hanyar da ake bi ba ta da wuyar fahimta, kuma cibiyar ta shimfiɗa ta a fili. Ana ɗaukar jimillar haifaffun waje da binciken Hukumar Ƙidaya ya nuna suna zaune a ƙasar, a cire waɗanda takardun gwamnati suka nuna sun shigo ko sun zauna bisa doka, abin da ya rage shi ne baƙin haure, sannan a ƙara wani kaso saboda waɗanda ba su yarda an ƙirga su ba. Da wannan hanya cibiyar ta ce adadin ya kai miliyan 12.2 a 2007, ya sauko zuwa wajen miliyan 10.5 a shekarun da suka biyo baya, sannan a rahoton da ta fitar a watan Agustan 2025 ta ce ya yi tsalle zuwa miliyan 14 a 2023, mafi yawa da ta taɓa lissafawa. Ita ce kuma a 2012 ta fito da labarin da ya ba mutane da yawa mamaki, cewa tsakanin 2005 da 2010 yawan waɗanda suka koma Meziko daga Amurka, kimanin miliyan 1.4, ya yi daidai da yawan waɗanda suka shigo daga can. Baƙin haure 'yan Meziko sun ragu daga miliyan 6.9 a 2007 zuwa wajen miliyan 4, yayin da na Amurka ta Tsakiya da Benezuwela da wasu nahiyoyi suka ƙaru.

Akwai abubuwa biyu da mai amfani da waɗannan alƙaluma ya kamata ya riƙe. Na farko, ƙiyasi ne ba ƙirga ba, kuma ƙarfinsa ya dogara ga kason da aka ƙara saboda waɗanda suka ɓuya. Hukumar Ƙidaya da kanta ta amince cewa ƙidayar 2020 ta tsallake kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan Hisfanik, kuma a 2018 wasu masana na jami'o'in Yale da MIT sun bi wata hanya dabam suka ce baƙin haure za su kai miliyan 22, kodayake yawancin masana fannin ba su karɓi wannan ba, kuma ƙiyasin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ya fi kusa da na Pew. Na biyu, abin da cibiyar take kira zama ba bisa izini ba ya haɗa har da mutanen da gwamnati ta san da su kuma ta ba su kariya ta wucin gadi, kamar masu jiran hukunci kan neman mafaka, da matasan da aka shigo da su suna yara waɗanda shirin DACA na 2012 ya dakatar da korarsu. A cikin miliyan 14 ɗin nan, wajen miliyan 6 irin waɗannan ne. Cibiyar ta faɗi haka ƙarara a cikin rahoton, amma kanun labarai ba sa ɗaukar wannan sharaɗi, kuma wanda ya karanta taken kawai zai fita da fahimtar da ba ita ce a rubuce ba. Tarihin da ya haifar da wannan yanayi, kamar shirin Bracero da ya kawo leburorin gona daga Meziko tsakanin 1942 da 1964, da dokar 1986 da Ronald Reagan ya sa wa hannu wadda ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7, yana fitowa ne a shafin a gutsure, a matsayin shimfiɗa ga alƙaluma, ba a matsayin labari cikakke ba.

Idan aka dawo kan siyasa, inda muka fara, jerin binciken masu zaɓen da aka tabbatar ya nuna sauyi mai girma cikin shekara takwas. A 2016 Hillary Clinton ta samu kashi 66 cikin 100 na ƙuri'un Hisfanik, Trump 28. A 2020 rahoton farko ya ba Joe Biden 59, Trump 38. A 2024 ratar ta koma maki uku kacal. Sai dai a rahoton 2025 cibiyar ta sake lissafa na 2020 ta mayar da shi 61 da 36, don haka wanda ya ɗauko adadi daga tsohon shafi ya haɗa da na sabo zai sami saɓani, kuma tsofaffin shafukan suna nan a intanet yadda aka wallafa su. Duba ranar wallafa ya zama dole a duk abin da za a ɗauka daga nan. Ya kamata kuma a tuna cewa 'yan Hisfanik wani yanki ne kawai na waɗanda aka tambaya, saboda haka tazarar kuskure a kansu ta fi ta jimillar faɗi, kuma da zarar an sake raba su zuwa maza da mata, ko masu digiri da marasa shi, tazarar tana ƙara buɗewa. Bambancin maki uku tsakanin Harris da Trump ya fi dacewa a karanta shi da cewa sun yi kusan kankankan.

Abin da shafin ya yi kyau a kai shi ne tara abubuwan da ke kewaye da wannan sauyi. A nan za a ga cewa 'yan Hisfanik miliyan 36.2 ne suka cancanci zaɓe a 2024, kusan kashi 15 cikin 100 na masu zaɓen ƙasar, amma fitowarsu ba ta kai ta sauran ba, tunda ko a 2020 da aka yi tururuwa, wajen kashi 54 ne suka fita, fararen fata kuma 71. Za a ga cewa a 2020 Trump ya samu kashi 41 a wurin marasa digiri, 30 a wurin masu shi, wato rabuwar da ilimi ya kawo tsakanin fararen fata ta fara bayyana a nan ma. Za a ga cewa gab da zaɓen 2024 kashi 85 cikin 100 sun ce tattalin arziki yana da matuƙar muhimmanci ga ƙuri'arsu, shige da fice kuma ya zo ƙasa da haka da nisa, abin da ya saɓa wa zaton da jam'iyyar Dimokurat ta daɗe tana yi cewa wannan batu shi kaɗai ya isa ya riƙe mata su. Za a kuma ga cewa mabiya ɗariƙar Katolika sun ragu daga kashi 67 a 2010 zuwa 43 a 2022, marasa bin kowane addini sun kai 30, masu bin majami'un bishara kuma 15, kuma waɗannan na ƙarshe sun fi karkata ga jam'iyyar Rifablikan.

Amma cibiyar ba za ta ɗaure maka waɗannan zaren ta ce ga dalili ba. Ƙa'idarta ta kame baki, wadda ita ce ta sa ɓangarorin siyasa biyu suke yarda su ambaci alƙalumanta, ita ce kuma take barin mai karatu da tambayar da ya fi so a amsa masa. Ko tsadar kaya ce ta 2021 zuwa 2023, wadda ta fi cin masu albashin awa, ta kori ma'aikatan gini da na gidajen abinci daga jam'iyya mai mulki a lokacin, wato Dimokurat, na ɗan lokaci, ko kuwa jikokin baƙi ne suke narkewa cikin sauran ma'aikatan Amurka har suna zaɓe irin nasu, kamar yadda ya faru da 'yan Italiya da 'yan Ailan a ƙarnin da ya wuce, shafin zai ba ka kayan da za ka gina kowace hujja daga cikin biyun, ya bar maka ginin. Ni dai na fi karkata ga cewa duka biyun suna aiki, kuma na biyun ne zai fi daɗewa, amma ya kamata a tuna cewa George W. Bush ya samu wajen kashi 40 ko fiye a 2004, bayan shekara takwas kuma Barack Obama ya kwashe 71, saboda haka wannan ƙuri'a ta taɓa tafiya ta dawo.

Wata gazawar ita ce ta wuri. Binciken ƙasa baki ɗaya ba ya iya sauka zuwa gunduma, alhali a gundumomi ne labarin ya fi fitowa fili. Gundumar Starr da ke bakin kogin Rio Grande a Teksas, inda kusan kashi 97 cikin 100 na mazauna Hisfanik ne, ta zaɓi ɗan takarar Rifablikan a 2024 karo na farko cikin fiye da shekara 100, bayan maƙwabciyarta Zapata ta riga ta juyawa a 2020, kuma Miami-Dade ta Filorida ta bi Trump, abin da ba ta yi wa ɗan Rifablikan ba tun 1988. Waɗannan wurare biyu ba su da kama da juna, ɗaya na jikokin makiyaya da ma'aikatan mai da jami'an tsaron iyaka ne masu tushen Meziko, ɗayan kuma na 'yan Kuba da Benezuwela da Nikaraguwa ne waɗanda kalmar gurguzu take tayar musu da tsohon miki. Wanda yake son fahimtar su sai ya koma ga sakamakon da hukumomin zaɓe na jihohi suke wallafawa da kuma jaridun yankunan.

Ta fuskar sauƙin amfani, an rubuta rahotannin da Ingilishi mai sauƙi, zanen alƙaluman a bayyane yake, kuma kowanne yana ɗauke da tushensa da ranar binciken a ƙasansa, abin da ke taimaka wa ɗan jarida ko ɗalibi ya ambaci inda ya samo. An fassara wasu zuwa Sifaniyanci, amma ba duka ba, kodayake tambayoyin da ake yi wa 'yan Hisfanik ana yin su ne da harsunan biyu, wanda yake da muhimmanci, domin binciken da aka yi da Ingilishi kaɗai yana zubar da sababbin zuwa gaba ɗaya. Mai son ya yi nasa lissafin zai iya buɗe rajista kyauta ya sauke ɗanyen bayanan, sai dai ba a sakin su sai bayan wani lokaci da fitar rahoto, kuma sai mai iya aiki da manhajar ƙididdiga ne zai ci moriyarsu. Ga malami ko ɗan jarida ko ɗalibin da ke son sanin su wane ne 'yan Hisfanik, nawa ne baƙi a cikinsu, da yadda suke zaɓe, ina ba da shawarar shafin ba tare da wata tantama ba. Ga mai binciken albashi da sana'o'i da dukiya kuwa, zai same shi da amfani ne a matsayin mashiga kawai, daga nan sai ya wuce zuwa teburan Ofishin Ƙididdigar Ƙwadago, da rahoton kuɗin shiga da talauci da Hukumar Ƙidaya take fitarwa kowane watan Satumba, da binciken dukiyar iyalai da Babban Bankin yake gudanarwa duk bayan shekara uku.